Kwali, Faifai da "Allah Ya Isa": Wa Ke da Waƙar Bahaushe?



  

Wasiƙar yau amsa ce ga Kawu. Ya aiko a tambaye ni, wai ya ji an ce a ƙasar Turawa akwai lauyan da ba ya shari'ar gona, ba ya ta gado, ba ya ta rauni, aikinsa kawai waƙa da littafi da fim. Shin gaskiya ne, kuma in gaskiya ne me yake ci? Gaskiya ne Kawu, Allah Ya ja kwana, kuma yana ci har ya ba wasu. Ana ce masa lauyan haƙƙin mallakar fasaha. Sai dai aikin nasa ba zai fahimtu ba sai an bi ta tarihi, domin abin da yake tsarewa, wato ikon mutum ya hana a kwafi abin da ya ƙirƙira, baƙo ne a wurinmu, kuma har yau bai gama zama ɗan gari ba. A yi mini haƙuri da tsawon wasiƙar.

Bari in fara da labarin da ya fi kowane nuna irin wannan aiki. A 1939, a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, wani Bazule mai suna Solomon Linda ya shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo shi da 'yan amshinsa, suka rera wata waƙa mai suna Mbube, wato zaki. Sule goma aka ba shi. Faifan ya yi kasuwa, ya haye teku ya isa Amurka, wasu mawaƙa suka sake ta a farkon shekarun 1950, wasu kuma suka sa mata kalmomin Turanci a 1961, har ta shiga fim ɗin nan na yara The Lion King da kamfanin Disney ya fitar a 1994. An tara dukiya mai yawa da ita. Shi kuwa Linda ya rasu a 1962 cikin talauci, 'ya'yansa mata suka ci gaba da zaman wahala a unguwar Soweto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ido babu abin yi, tun da ya sa hannu ya sayar. To sai aka sami wani lauya, Owen Dean, wanda digirinsa na uku a kan yadda doka ke aiki a kan tsofaffin ayyuka ya yi shi. Ya tono wata tsohuwar dokar Ingila ta 1911 wadda ta yi aiki a ƙasashen da Ingila ta mallaka. A cikinta akwai wani sharaɗi: ko da mai fasaha ya sayar da haƙƙinsa, idan ya cika shekara 25 da rasuwa haƙƙin yana komawa ga magadansa. Wato tun 1987 waƙar ta koma gidan Linda, babu wanda ya lura. A 2004 Dean ya shigar da ƙara, kuma don ya jawo kamfanin da ke Amurka gaban kotun Afirka ta Kudu, sai ya sa kotu ta riƙe tamburan kasuwancin Disney da ke da rajista a ƙasar. A watan Fabrairun 2006, dab da fara sauraren shari'ar, aka yi sulhu: aka biya iyalin, aka amince za su riƙa samun kasonsu, aka kuma mai da sunan Linda cikin waɗanda suka ƙirƙiri waƙar. Kun ga aikin ke nan. Ba ihu a kotu, karatun tsohuwar takarda ne da lissafin shekaru.

Dalilin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, ita wannan doka ta 1911 ita ce dokar haƙƙin mallaka ta farko da ta hau kanmu. An shimfiɗo ta zuwa Najeriya ta Arewa da ta Kudu a 1912, shekara biyu kafin a haɗe su, kuma ita ta ci gaba da aiki har 1970, shekara goma bayan samun 'yancin kai.

Kafin zuwanta fa? Kada wani ya ce kakanninmu ba su san mai abu ba. Sun sani sarai, amma abin da suka tsare shi ne suna, ba kwafi ba. Malamin da ya rubuta waƙa da ajami yakan sa sunansa da na mahaifinsa a baitocin ƙarshe, ya ɓoye shekarar a cikin ramzi. Ɗalibi ba ya karantar da littafi sai da izinin malamin da ya karanta a wurinsa, shi ma daga nasa malamin. Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malamansa da abin da ya ɗauka daga kowanne. Amma kwafa? Ai mai kwafa lada yake nema. Takarda daga Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus, tana da tsada, littafi ɗaya yakan ci watanni a hannun marubuci, saboda haka duk wanda ya zauna ya kwafi littafinka ya yi maka alheri ne. Su ma Turawa ba su san da wannan haƙƙi ba sai da injin ɗab'i ya sa kwafi dubu ya zama aikin mako guda. Dokar Ingila ta farko a kai, ta 1710, shekara 14 kacal ta ba marubuci, da damar ƙarin wasu 14.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Ku dubi tahamisi: mutum ya ɗauki waƙar wani sukutum, ya ƙara wa kowane baiti layi uku nasa, ta zama mai ƙwar biyar. Ishiriniyar da ake karantawa a gidajenmu haka take, asalinta ta Alfazazi ce, Ibn Mahib ya yi mata tahamisi. Tabbat Haƙiƙa kuwa Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. A wurinsu girmamawa ce. A dokar yau fassara izini take buƙata, ƙari a kan aikin wani ma izini yake buƙata. Ni dai a ganina wannan tsohon tsari ba shi da abin kunya ko kaɗan. Ya dace da zamanin da ba a cin abinci da yawan kwafi.

Boko ne ya kawo cin abinci da kwafi. A 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi na John Tafida da East ya biyo baya. Daga nan littafin Hausa ya zama haja mai farashi, ya bi ta hannun Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, da NORLA, da NNPC daga 1966. Ku ɗauki Shehu Umar kaɗai: Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, aka gano tsofaffin faifan fim ɗin aka gyara su aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. A idon lauya kowane mataki a cikin waɗannan izini ne daban, da takarda daban, da mai karɓar kuɗi daban.

Kuma tambayar farko da zai yi ita ce, a wane matsayi marubucin ya yi rubutun? Ruwan Bagaja, Imam ya rubuta shi ne don kansa ya shiga gasa. Magana Jari Ce kuwa, aro shi aka yi daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya a 1936 don ya rubuta. Dokar 1911 ta bambanta waɗannan biyun: abin da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa na uban gidansa ne, sai in an yi wata yarjejeniya. Marubuci ɗaya, alƙalami ɗaya, hukunci biyu. Sannan kowa ya san Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya ya sa musu rigar Hausa. Bai ci haƙƙin kowa ba, don tsofaffin labarai ne na kowa da kowa; rigar da ya ɗinka musu ita ce tasa, ita doka ke tsarewa.

Makaɗa nasu lissafin daban ne. Makaɗin fada, kamar Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, ba ya sayar da waƙa. Yana yin ta ne a ba shi doki da riga da hatsi, daga baya mota da kujerar Makka. Idan waƙar ta bazu har yara suna rera ta a dandali, darajarsa ce ta ƙaru, kyautar gobe ta fi ta yau. Shi ya sa da rediyo ya zo, da kamfanonin faifai irin su EMI, da kuma kaset a shekarun 1970, mai shagon da ke juye waƙar Shata daga kaset zuwa kaset bai ɗauki kansa ɓarawo ba, kuma galibin jama'a ba su ɗauke shi haka ba. Talla yake yi wa makaɗin kyauta. Haka makafin da ke rera Imfiraji ta Aliyu Namangi ƙofa-ƙofa suna samun sadaka: in da za a bi harafin doka, rera waƙar wani ne a bainar jama'a don samun kuɗi, amma wane mai hankali zai kai su ƙara?

A Kudu an riga mu gane inda gizo ke saƙar. King Sunny Ade ya sa hannu a kwantiragi da kamfanin African Songs a 1970, suka ɓata, aka yi ta jan magana a kan uwayen faifansa. Ƙarar da ya shigar a 1997 sai a 2015 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke masa diyyar naira miliyan 500. Shekara 18, jama'a. Yaron da aka haifa ranar shigar da ƙara ya isa jefa ƙuri'a ranar hukunci.

Yanzu bari in ratse zuwa ƙasa mai tsarki, don a can ne tushen abin da ke zukatanmu game da kwafi yake. Waɗanda Allah Ya nufa da sauke farali a cikinku, irin su Hajiya Babba, za su tuna daren Muzdalifa: an baro Arfa bayan faɗuwar rana, an haɗa Magariba da Isha'i, kowa ya sami ɗan wurin da zai shimfiɗa tabarma a fili, ana tsintar tsakuwa. A jakar alhazai da yawa akwai ɗan littafin addu'o'i da hukunce-hukuncen aikin Hajji, wanda aka raba kyauta da harsuna iri-iri, a bangonsa an rubuta cewa ba na sayarwa ba ne. Ranar komowa gida kuma a ba kowa Alƙur'ani bugun maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina, wadda aka buɗe a 1984, ita ce kuma ta buga fassarar Hausa ta Shaihu Abubakar Gumi. A da har da kaset ɗin limaman Harami a cikin tsaraba, a zo gida a juye wa maƙwabta. Wasu littattafan Larabcin ma ƙarara suke rubutawa cewa haƙƙin bugawa na kowane Musulmi ne. Wanda ya tashi a cikin wannan, ga kuma hadisin da ya tsoratar a kan ɓoye ilmi, da wuya ka gamsar da shi cewa kwafar littafi laifi ne.

Malamai sun duba batun. A watan Disambar 1988, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, wadda mazauninta ke Jidda, ta yi zamanta na biyar a Kuwait, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira duk haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya, shari'a tana tsare su, ana iya sayar da su, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka saɓa, amma wannan ita ce matsayar da ta fi rinjaye. Abin sha'awa, a cikin wannan wata dai, Disambar 1988, gwamnatin Babangida ta fitar da Doka ta 47, wadda ta maye gurbin ta 1970, ta kuma haifar da hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa. In kuma kuka lura, shi ɗan littafin Muzdalifa bai rushe wannan haƙƙi ba. Mai shi ne ya zaɓi ya bayar, ya kuma gindaya sharaɗi: a karanta, a raba, kada a sayar. Lauya zai ce wannan ma lasisi ne. Wanda ya tara su ya kai bakin masallaci ya sa musu farashi, ya saɓa wa dokar Abuja da fatawar Jidda a lokaci guda.

To mu dawo Kano, inda abin ya fi daɗin labari. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa, maza da mata, suka daina jiran kamfanonin Zariya, suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu: su Balaraba Ramat Yakubu, su Ado Ahmad Gidan Dabino da ƙungiyar Raina Kama, su Bilkisu Funtuwa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, aka buɗe ƙofar fim ɗin bidiyo. Littattafai suka koma finafinai, In Da So Da Ƙauna ya zama fim a 1994. Zuwa 1999, shekarar Sangaya da mujallar Fim, shekarar da sunan Kannywood ya fito a mujallar Tauraruwa, abu ya zama masana'anta mai ciyar da dubban mutane.

Wa ya rarraba wannan haja? Mutanen da suka riga suka ƙware a juye finafinan Indiya da na Amurka ba da izinin kowa ba, wato dilolin kaset na kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata. Su ke da injinan juyi jere-jere, su ke da abokan ciniki daga Sakkwato har Maraɗi da Agadas da Kumasi. Furodusa ba shi da yadda zai ƙirga kaset nawa aka juya a bayan shago. Sai aka ɓullo da wata dabara wadda har yau nake jinjina wa wanda ya fara tunaninta. Furodusa zai ba dila uwar kaset, amma shi zai je maɗaba'a ya buga kwalin da ake sa kaset a ciki, mai hotunan 'yan wasa. Dila ya sayi kwali ɗari biyar, ya juya kaset ɗari biyar a kan nasa fankon kaset, ya sa a ciki ya sayar. Kaset ɗin da ba shi da kwalin asali, na sata ne, kuma 'yan kasuwa sun san shi da gani. Wani mai bincike, Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1990, ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 2008, ya nuna cewa haƙƙin mallakar a jikin kwali yake zaune, ba a jikin kaset ba. Babu lauyan da ya tsara wannan, babu majalisar da ta zartar da shi. 'Yan kasuwa ne suka gane cewa abin da ba ka iya ƙirgawa ba ka iya tsarewa, sai suka nemi abin da ake iya ƙirgawa.

Tsarin yana da nasa ciwon. Furodusa ne ke ɗauke da asara, kwalin da bai shiga ba a dawo masa da shi, kuɗin wanda ya shiga kuma sai ya yi ta sintiri kafin ya karɓa. Amma wanda ya fi kowa cutuwa shi ne mawaƙi. Sau da yawa waƙar ake fara saye, sannan a gina fim a kanta. A biya mawaƙi da mai kiɗan fiyano sau ɗaya, a tashi. Jarumi ya hau waƙar yana motsa baki, gari ya ɗauka tasa ce, fim ya yi kasuwa saboda ita, mai muryar yana gefe. Kuma duk cinikin na baki ne, shaida sai Allah sai waɗanda ke zaune a situdiyo.

A nan ne wani abu yake da ya kamata kowane ɗan'uwa mai harkar nan ya sani. Dokar 1988 ta ce sayar da haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce, kuma sabuwar doka ta riƙe wannan. Ma'ana, mawaƙin da ya karɓi kuɗi a hannu bai sa hannu a takarda ba, abin da ya bayar izinin amfani ne, waƙar tana nan tasa. Dokar 1988 ta kuma ce faifan waƙa na mawaƙin da aka ɗauka da sunansa ne, sai fa idan kwantiragi ya faɗi akasin haka. Wannan "sai fa idan" ita ce gonar lauya, Kawu. A nan Turai kafin mawaƙi ya buɗe baki an riga an rubuta wa ke da kalmomi, wa ke da kiɗa, wa ke da faifan, na shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, kashi nawa cikin ɗari. Ko injin hoton takardu na laburarenmu akwai sanarwa manne a kansa, cewa kada ka wuce babi ɗaya na littafi, kuma jami'a tana biyan kuɗin lasisi duk shekara a raba wa marubuta. Na tuna yadda muke juye littafi tun daga bango har bango a makarantunmu, na yi shiru.

Me ya hana 'yan fim ɗinmu zuwa kotu? Na ɗaya, shari'ar haƙƙin mallaka ta Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai, alƙalin unguwa ba shi da hurumi, kuma kun ji shekarun da Sunny Ade ya kwashe. Saboda haka rigima takan ƙare ne a gaban dattawan sana'a da ƙungiyoyi irin su MOPPAN. Na biyu kuwa, laifi tudu ne. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan yadda aka riƙa ɗauko labarin fim ɗin Indiya da karin waƙarsa a mai da su Hausa, tun daga masu goge na da, har masu bandiri da ke ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya, har zuwa finafinan Indiya-Hausa na shekarun 2010. Wanda ya ari labarin Bombay bai tambaya ba, da wane baki zai yi kuka don an juye masa kaset? Ba na cewa duka ɗaya ne. Doka ba ta tsare ra'ayi tsirara. Labarin ɗan sarki da ya so 'yar talaka na kowa ne. Amma ɗaukar fim fage bayan fage, ko cire muryar mutane a ɗora wata a sayar, wannan ya wuce aro.

Gaskiyar magana, lauyan da 'yan fim suka fara sani shi ne na beli. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma daga 2007 aka shiga kame: aka ɗaure Adam A. Zango a shekarar, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008. Mutumin da ke fafutukar kada ya kwana a Gidan Yarin Goron Dutse ba ya da lokacin tunanin kason shekara ashirin masu zuwa.

Sai kwali ya mutu. Faifan CD ya fara raunana shi, wayar hannu ta ƙarasa shi. Masu tura finafinai a memori suka cika bakin titi da kwamfutocinsu, fim goma a kuɗin da bai kai na kaset ɗaya ba, babu kwali, babu abin ƙirgawa. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe, manyan diloli suka koma wasu sana'o'i. Duk da haka memori bai zama sharri zalla ba. Mdou Moctar, Buzun nan mai jita na Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a hamada, har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi ya ji ɗaya, ya yi ta cigiyarsa har ya same shi, suka yi yarjejeniya. Yau duniya ta san shi. Yawo ya kai shi nesa, amma takarda ce ta mai da yawon kuɗi.

Masana'antar ta farfaɗo ne ta talabijin da intanet: Arewa24 daga 2014, sai finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So a 2020. YouTube kuwa ya dawo da abin da kwali ke yi, ya ma fi shi, don yana ƙirga kowane kallo, yana kuma da na'urar da ke gane waƙa ko hoto in wani ya sake ɗorawa. Amma na'ura ba ta san gaskiya ba, wanda ya riga yin rajista ta sani. Sai ka ga wanda ya ɗora tsohuwar waƙa yana karɓar dala, mai ita ko magajinsa ba shi da takardar da zai nuna. Marubutanmu mata da ke sayar da littattafai a zaurukan WhatsApp kuwa sun koma ga makamin da suka tabbata yana aiki: a saman kowane shafi sai an rubuta cewa duk wadda ta karanta ba ta biya ba, ko ta fitar da shi waje, ba a yafe ba, Allah Ya isa. Kada ku yi dariya. A garin da kotu ke cin shekara 18, wannan ita ce sanarwar haƙƙin mallaka da mutane ke jin tsoro, kuma ta fi kusa da fatawar 1988 fiye da yadda masu rubuta ta suka zata.

A ranar 17 ga Maris 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka. Ta ba mai abu damar rubuta wa masu shafin intanet su sauke abin da aka sata, ta ƙarfafa haƙƙin mai rerawa da mai wasa, ta kuma halatta a mai da littafi zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita ba sai an nemi izini ba. Ta bar wa'adin yadda yake: littafi da waƙa, ran mai shi da ƙarin shekara 70, fim da faifan murya, shekara 50.

Ku yi lissafi da kanku. Shata ya rasu a 1999, saboda haka waƙoƙinsa suna da mai su har ƙarshen 2069. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, nasa har 2085. Dukiya ce da ake gado kamar gida da gona, sai dai ba a iya zagaya ta da ƙafa. Lauyan da zai tsaya wa magadan irin waɗannan makaɗa sai ya fara da jera waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ya gano wacce aka ɗauka a gidan rediyon Kaduna, wacce kamfanin faifai ya ɗauka, wacce wani mai rikoda ya ɗauka a gidan biki, don wadda ba a taɓa ɗauka ko rubutawa ba doka ba ta san da ita ba. Sai ya duba matsayin 'yan amshi da makaɗan kalangu. In waƙar ta haye Maraɗi kuma ta shiga wata doka, don Nijar tana ƙarƙashin yarjejeniyar Bangui ta 1977, da nata ofishin. Kafin duk wannan ma sai magada sun yarda da mutum ɗaya da zai sa hannu a madadinsu. Shi ma Owen Dean da haka ya fara: sai da ya sa aka sake buɗe gadon Solomon Linda, shekara arba'in da wani abu bayan rasuwarsa, aka naɗa masa wasiyyi, sannan aka sami wanda zai shigar da ƙara.

A gaishe mini da su Inna da Gwaggo, da yara duka. Yaya, don Allah ka karanta wa Kawu a hankali, in yana da wata tambayar a aiko.

Wassalamu alaikum.